Sabon inji, tsohuwar manhaja: taura biyu ba ta taunuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu ja hankalin shugabannin asibitoci da makarantu da ƙananan bankuna da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da ofisoshin gwamnati kan wata shawara da ake yankewa a tsaitsaye, alhali bayanan dubban mutane ne ke rataye a wuyanta. Idan sabar, wato babbar kwamfutar nan da wasu ke kira uwar garke, ta tsufa aka sayo sabuwa, shin a kwaso tsohuwar babbar manhajar da ke tafiyar da injin, irin Windows ko Linux, a zuba mata yadda take, ko a yi amfani da damar a ɗora sabuwa?

Matsayinmu shi ne sabon inji da sabuwar manhaja ya dace, amma kada a yi canjin biyu a dare ɗaya. A fara sauya gangar jiki, abubuwa su natsu, sannan a sauya manhajar. Akwai hanyar yin haka a kan inji ɗaya ba tare da sayen na biyu ba, kuma za mu zo kanta. Kafin nan ya kamata mu amsa wa masu cewa a bar kaza cikin gashinta, domin su ne mafi yawa, kuma tsoronsu yana da tushe.

Hujjarsu ita ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. To amma yawancin abin da ke aiki a ofisoshinmu masu shi sun riga sun sallame shi. Microsoft ya daina fitar da facin tsaro kyauta, wato gyaran da ke toshe ɓarakar da masu kutse ke bi, ga Windows Server 2012 da 2012 R2 tun ranar 10 ga Oktoba 2023. A ɓangaren Linux, CentOS 7 wa'adinsa ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024, CentOS 8 kuwa ya riga shi tafiya a ƙarshen 2021. Ubuntu 18.04 ya fita daga tallafin kyauta a watan Mayu 2023, 20.04 ya bi shi a Mayu 2025. Wanda ke kan Windows Server 2016 ma ya rubuta 12 ga Janairu 2027 a bango. Bayan wannan rana kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, kuma haɗarin ke nan, don babu abin da zai nuna wa mai ofis cewa kowace ɓarakar da aka gano daga ranar za ta zauna a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injin da aka sayo yau ana sa ran ya yi shekara biyar zuwa bakwai. Ɗora masa manhajar da ta riga ta ƙare wa'adi na nufin an amince a kwashe duk waɗannan shekaru ƙofa a buɗe, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yuni 2023, mai riƙe da bayanan majinyata ko na masu ajiya ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Ko an ajiye maganar tsaro gefe, sau da yawa tsohuwar manhajar ba ta ma yarda ta hau sabon injin. Zuciyar CentOS 7, wato kanel 3.10, asalinta na 2013 ne, kuma fitowa ta ƙarshe, 7.9, a 2020 aka yi ta. Katin RAID, wato mai sarrafa faifan ajiyar bayanai, ko katin sadarwar da aka ƙera bayan haka ba lalle ta san shi ba. Abin da ke faruwa a aikace shi ne: ma'aikaci ya kwafi tsohon faifan da manhajar Clonezilla, ya zuba a sabon injin, ya kunna. Allon ya yi ta zubo rubutu, sannan ya tsaya a kan gargaɗin dracut, manhajar da ke shirya tashin injin, cewa bai ga faifan da zai tashi daga kansa ba. Bayanan suna nan lafiya, direban katin, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, ne babu a cikin ƙaramin ƙunshin da ake fara lodawa lokacin tashi, domin an gina shi ne daidai da tsohon injin. A Windows kuwa shuɗin allo ne mai ɗauke da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ga kuma bambancin hanyar tashi: tsohon yana kan BIOS da tsarin rarraba faifai na MBR wanda ba ya ganin abin da ya haura TB 2, sabon yana son UEFI da GPT, wasu sababbin injinan ma an cire musu tsohuwar hanyar gaba ɗaya. In an yi sa'a ya tashi, sai a tarar katin da ake kira eth0 ya koma eno1 ko ens3f0, adireshin IP ya ɓace, babu mai iya shiga sai wanda ke tsaye a gaban injin da kibod.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye, domin sabuwar sabar a wurinmu sau da yawa tokumbo ce. Dell PowerEdge R720 ko R730, ko HP ProLiant DL380 Gen8 ko Gen9, su ne abin da kuɗin yawancin ofisoshi ke iya saye. A irin wannan, matsalar juyawa take yi: sabuwar manhajar ce ke ƙin tsohon ƙarfen. Red Hat 9 da 'yan uwansa Rocky da AlmaLinux, manhajojin Linux na dangi ɗaya da CentOS, suna buƙatar furosesa mai matakin x86-64-v2, R720 yana da shi. Amma Red Hat 10 da Rocky 10 sun ɗaga zuwa v3, wanda ke buƙatar wani rukunin umarnin furosesa mai suna AVX2, kuma furosesoshin R720 da Gen8 ba su da shi. R730 da Gen9 suna da shi. AlmaLinux 10 ne ya fitar da wani bugu na daban ga masu v2. Haka kuma tun daga Red Hat 8 aka cire direbobin wasu tsofaffin katunan RAID, ciki har da masu ɗauke da LSI SAS2008 irin PERC H310. Mai girkawa zai buɗe shafin zaɓen faifai ya ga wayam, ya ɗauka faifan ne suka lalace. Maganinsa faifan direba daga ma'ajiyar direbobi ta ELRepo, ko a koma AlmaLinux wanda ya maido da da yawa daga cikin waɗannan direbobi daga 8.10 da 9.4. Don haka kafin a biya kuɗin inji, a sa mai sayarwa ya rubuto lambar furosesa da ta katin RAID, a gwada su da manhajar da ake son ɗorawa. Aikin minti goma ne.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, masu zumuɗin cewa tunda an sayo sabo, a girka komai sabo ranar Asabar, Litinin kowa ya zo ya tarar. Waɗannan su ne ke yin gyaran gangar Auzinawa. Babbar manhaja ba ita kaɗai take zuwa ba, tana tafe da zuriyarta. CentOS 7 yana zuwa da PHP 5.4 da Python 2.7, yarukan rubuta manhaja, da MariaDB 5.5, manhajar rumbun bayanai. Rocky 9 yana zuwa da PHP 8.0 da MariaDB 10.5, Python 2 kuwa babu shi sam. Manhajar rajistar ɗalibai ko ta katin majinyata da wani ɗan kwangila ya rubuta shekara goma da suka wuce, in dai da mysql_connect take magana da rumbun bayanai, fari fat shafin zai fito, don an cire waɗannan umarnai tun PHP 7.0. Rocky 9 ba ya karɓar tsohon sa hannun tsaro na SHA-1 sai an sassauta masa, Ubuntu 22.04 ma OpenSSH ɗinsa, manhajar shiga sabar daga nesa, ya rufe tsohon salon ssh-rsa, don haka tsohuwar na'urar da ke turo kwafin ajiya da daddare za ta iya daina shiga ba tare da ta yi wa kowa magana ba. TLS 1.0 da 1.1, tsofaffin hanyoyin sirranta sadarwa, a rufe suke tun daga Red Hat 8. A ɓangaren Windows, daga Server 2019 ba a girka SMB1, tsohon tsarin musayar fayiloli, kai tsaye, kuma tsofaffin injinan fotokwafi masu tura takardar da aka yi wa sikanin zuwa folda da shi kaɗai suka iya magana. Kada a yi gaggawar kunna shi, domin ta wannan ƙofa muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayu 2017. Gara a sabunta manhajar injin fotokwafin ko a sa shi ya riƙa turawa ta imel.

Idan aka canja inji da manhaja a tare, ranar Litinin abu ya ƙi aiki, babu wanda zai iya cewa ga mai laifi. Katin RAID ne? Ram ne mai matsala? PHP ne? Katangar tsaro ce? Ana cikin lalube layin majinyata ya kai bakin ƙofa.

Hanyar da muke ba da shawara ita ce a mayar da sabon injin gidan haya. Maimakon a girka Windows ko Linux kai tsaye a kan ƙarfen, a fara ɗora manhajar da ke raba inji ɗaya ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta. Proxmox VE kyauta ne kuma a kan Debian yake, Hyper-V yana cikin Windows Server. VMware ma yana yi, sai dai tun da Broadcom ya saye shi a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, ƙaramin ofis mai biya da naira ya yi lissafi sosai kafin ya shiga. Ɗaki na farko a sa tsohuwar sabar yadda take, da virt-p2v ko Clonezilla in Linux ce, da Disk2vhd in Windows ce. Ɗakin yana nuna mata kayan da ta saba da su, ba ruwanta da sabon katin RAID. In Windows ce a kan Proxmox, a fara tada ta da faifan SATA na kwaikwayo, a girka direbobin VirtIO, sannan a juya. In Linux ce irin CentOS, tun tana kan tsohon injin a sake gina ƙunshin tashi da dracut tare da zaɓin no-hostonly, a kuma duba fayil ɗin fstab a tabbatar da UUID, wato lambar shaidarsa, yake kiran faifai, ba da suna irin sda1 ba. Manhajar da aka ɗaure lasisinta da lambar MAC ta katin sadarwa, a kwafi tsohuwar lambar a ba ɗakin. Mai makullin USB, a miƙa wa ɗakin wannan tashar kai tsaye.

Da wannan an fita daga haɗarin tsohon ƙarfe a cikin kwana ɗaya ko biyu, ma'aikata ba su ga wani canji ba. A bar shi mako biyu yana aiki. Duk abin da ya ɓullo a wannan tsakanin, an san daga injin yake. Sannan a buɗe ɗaki na biyu, a girka sabuwar babbar manhajar tsaf daga tushe: Rocky ko AlmaLinux 9 da ke da tallafi har 2032, ko Ubuntu 24.04, ko Windows Server 2022 da wa'adinsa ya kai Oktoba 2031. Ba mu son ɗaga tsohuwar a inda take zaune, duk da cewa shirin ELevate na AlmaLinux yana iya kai CentOS 7 zuwa 8 sannan 9. Yana aiki, amma yana tafiya da duk tarkacen shekara goma, kuma in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ba tsohuwa ba sabuwa. Wanda dole ta sa shi bin wannan hanya, ya yi a cikin ɗakin bayan ya ɗauki hoton halin da yake ciki, yadda komawa baya ba za ta wuce minti biyu ba.

Abu ɗaya da ba a kwafa ta wannan hanya shi ne sabar da ke riƙe da Active Directory, wato rajistar sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu a Windows, musamman in akwai fiye da ɗaya. Kwafinta na iya rikita lissafin da suke yi a tsakaninsu, su daina yarda da juna. Ita sabuwa ake girkawa, a shigar da ita cikin dangin, a miƙa mata muƙaman FSMO guda biyar, sannan a sauke tsohuwar. Kuma in SYSVOL, foldar da waɗannan sabar ke rabawa a tsakaninsu, har yanzu da tsohon tsarin FRS yake yaɗuwa, Server 2019 zuwa sama ba zai yarda ya shiga ba sai an mayar da shi DFSR da umarnin dfsrmig.

Maganar kuɗi ta fi ciwo a Windows, kuma a nan ake yawan yi wa shugabanni bayani rabi. Lasisin da ya zo manne da tsohon injin daga kamfani, da injin yake mutuwa, ba a ɗauke shi. Server 2012 R2 da furosesa ake lissafinsa, amma daga 2016 da ƙwayoyin da ke cikin furosesan ake yi, mafi ƙaranci 16 ga kowane inji. Wanda ya sayo inji mai furosesa biyu kowanne da ƙwaya 16, lasisin ƙwaya 32 ne a kansa, ninkin abin da ya sa a kasafi. Ƙaramin ofis mai mutum talatin furosesa ɗaya mai ƙwaya 8 zuwa 16 ya ishe shi. Lasisin masu shiga, wato CAL, shi ma na 2012 ba ya buɗe 2022. Abin da ke da daɗi shi ne lasisin Standard ɗaya yana ba da ɗakuna biyu, kuma yana halatta a ɗora tsohon bugu, don haka tsohuwar da sabuwar duka suna ƙarƙashinsa a lokacin ƙaura.

Wurin kwashe bayanai ne muke so a fi daɗewa. Fayiloli a Linux da rsync ake kwashe su, da zaɓin aHAX da numeric-ids don izini da mamallaka su tafi yadda suke, a Windows kuwa robocopy. A yi babban kwafin kwanaki kafin ranar juyawa, a daren kuwa abin da ya canja kawai za a tura. A yi lissafin lokaci tun da wuri: a kan layin gigabit, TB 1 na cin kusan awa uku, amma in akwai tsohon suwic mai megabit 100 a tsakani, ko waya mai lalataccen kai da ta sauko da gudun, wannan TB ɗin ya haura awa 24. Rumbun bayanai kuma ba a kwafar fayilolinsa ɗanye. A fitar da shi da mysqldump ko pg_dump, a shigar a can. Rumbun PostgreSQL yana da wani ciwo na ɓoye: glibc 2.28, wani ginshiƙin Linux, ya canja yadda ake jera haruffa, CentOS 7 yana kan 2.17, don haka in aka kwashe foldar ɗanye zuwa 8 ko 9, fihirisar rubutu na iya ba da amsar ƙarya, a nemi sunan da ke ciki a ce babu, har sai an sake gina ta.

Sai abin da ya shafi harshenmu. MariaDB 5.5 da tsarin haruffa na latin1 yake buɗe teburi in ba a ce masa komai ba, kuma latin1 ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, ba shi da alamar naira. Manhajoji da yawa sun yi shekaru suna cusa waɗannan haruffa a cikinsa ta bayan gida, suna kuma karanto su daidai domin kuskuren shiga da na fita suna soke juna. Ranar da aka fitar da rumbun aka shigar a sabon da ke kan utf8mb4, sai Ɗanladi da Ƙaraye da Ɗanbatta su koma wasu baƙin alamomi, a katin asibiti, a takardar sakamako, a rasit. In ba a lura ba har aka yi mako ana ƙara sababbin bayanai a kai, gyaran ya zama sai layi-layi. Tun a gwajin farko a nemo suna goma masu haruffa masu lanƙwasa a duba su da ido. In sun lalace, a sake fitarwa tare da gaya wa mysqldump ya yi amfani da latin1 don ya bar su yadda aka cusa su, a gyara sunan tsarin a cikin fayil ɗin zuwa utf8mb4, a sake shigarwa, a sake dubawa.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa su ne ke fitowa bayan wata guda: ayyukan cron masu tashi da kansu a kan lokaci da ke ɓoye a /var/spool/cron, ciki har da mai ɗaukar kwafin ajiya, agogon da aka bari a UTC, wato lokacin GMT, maimakon Africa/Lagos ko Africa/Niamey har rasit ya riƙa fita da ragin awa ɗaya, takardun shaidar tsaron shafin intanet, da manhajar UPS irin NUT ko apcupsd da ke kashe injin cikin ladabi in batir ya kusa ƙarewa. Wannan ta ƙarshe a ƙasarmu ba ado ba ce. Haka batirin katin RAID na injin tokumbo: in ya mutu, katin yana komawa rubutu kai tsaye, komai ya yi sanyi, sai a ɗora wa sabuwar manhaja laifi. Wani kuma ya tilasta wa katin ya ci gaba da tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa ba batir, ranar da wuta ta ɗauke janareto bai kama da wuri ba, rumbun ya tsage. A sayi batirin. A bar memtest86+ ya kwana yana gwada ram, a duba awannin kowane faifai da smartctl, wanda ya nuna 43,800 ya yi shekara biyar cur yana juyawa, bai kamata a damƙa masa amanar wasu biyar ɗin ba. Yawancin waɗannan injina an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram kuwa ya san 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki.

Ranar juyawa kada ta faɗo ƙarshen wata lokacin albashi, ko makon jarrabawa, ko lokacin rajista. Yammacin Juma'a bayan an tashi ya fi, don a samu Asabar da Lahadi. In da sunan intanet ake shiga sabar, a sauko da TTL, wato lokacin da kwamfutoci ke riƙe adireshin sunan kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 kwana biyu kafin nan. A rubuta a takarda ƙarfe nawa ne za a haƙura a koma tsohuwar in abu ya ƙi, kuma shugaban ofis ya sa hannu. Kwafin ajiyar da za a dogara da shi sai wanda aka gwada maido shi a wani ɗakin aka ga ya buɗe.

Akwai inda muke yarda a bar tsohuwar manhaja: na'urar ɗakin gwaje-gwaje ko ta hoton ƙashi da kamfaninta ya rufe, ko manhajar da babu mai lambobinta na asali. Irin wannan ta zauna a ɗakinta, a yanke ta daga intanet, a buɗe mata tashar da take buƙata kaɗai ga kwamfutocin da ke buƙatarta, a kuma sa kuɗin maye gurbinta a kasafin shekara mai zuwa da rana a rubuce.

Roƙonmu ga masu sa hannu a takardun kwangila, ranku ya daɗe, shi ne kada takardar ta tsaya a kan kawo inji da kunna shi. Ta ambaci bugun manhajar da ranar ƙarewar tallafinta, da adadin ƙwayoyin da aka biya wa lasisi, da gwajin maido da kwafin ajiya a gaban wakilin ofis, da miƙa duk kalmomin sirri har da na iDRAC ko iLO, ƙofofin sarrafa injin daga nesa. A riƙe wani kaso na kuɗin sai an yi rufin wata ɗaya a kan sabuwar. Tsohon injin kuma a kashe shi a ajiye da faifansa a ciki na tsawon kwana 30, sannan a goge faifan gogewa ta gaskiya kafin a yi gwanjonsa ko a kai shi sito.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Daga wasu ma'aikatan kula da sabar da hanyoyin sadarwa, Kano.